Yadda ake zaɓen taya mai riƙon kwalta ga tsohuwar motar gudu

Wanda ya gama gyaran tsohuwar BMW E30 325i ko Mercedes 190E 2.3-16, inji ya dawo hayyacinsa, fenti yana ƙyalli, idan ya isa wurin mai taya abu biyu yakan tambaya: wacce ta fi faɗi, wacce ta fi laushi. Tun daga nan ake kuskure. An ƙera waɗannan motoci ne a shekarun 1980, an auna shok da birki da sitiyarinsu da tayoyin wancan zamani, ita kuwa robar yau riƙonta ya wuce na wancan lokaci nesa ba kusa ba. Riƙon abin so ne, amma sai an daidaita shi da girman da motar ta sani, da lafiyar ƙafafunta, da irin hanyar da za ta riƙa bi.

Fara da lambar da motar ta zo da ita

Kada ka dogara da tayar da ke kan motar yanzu, domin mota mai shekara talatin da wani abu ta bi ta hannu da yawa. Nemi littafinta ko takardar da ke liƙe a jikin ƙofa ko a murfin tankin mai. E30 325i ta fito da 195/65 R14, wadda aka sa wa rim mai inci 15 kuma tana ɗaukar 205/55 R15. Mercedes 190E 2.3-16 da BMW M3 ta farko su ma 205/55 R15 suka zo da ita.

Lambar farko faɗin taya ce da milimita, ta biyu tsayin gefenta a matsayin kaso cikin ɗari na faɗin, ta ƙarshe girman rim da inci. Abin da ake so a kiyaye shi ne tsayin taya gaba ɗaya, daga ƙasa zuwa sama. Lissafin ba wuya. Ɗauki 205/55 R15: kashi 55 cikin ɗari na 205 ya ba da milimita 112.75, a ninka biyu ya zama 225.5, a ƙara inci 15 wato milimita 381, jimla 606.5. Ita 195/65 R14 ta ba da 609. Kusan ɗaya suke, shi ya sa kamfanin ya yarda da duka biyun.

Matsalar ita ce yawancin tayoyi masu riƙo na inci 15 an fi samunsu a 205/50 R15, wadda tsayinta 586 ne. Ragin ya haura kashi 3 cikin ɗari. Maleji zai riƙa nuna gudun da ya fi na gaskiya, inji zai ƙara juyi a kan doguwar hanya, motar kuma za ta sauka da kusan milimita 10. Ga E30 wannan santimita ɗaya ba abin rainawa ba ne, domin kaskon man injinta na alminiyam ne kuma yana ƙasa ƙwarai ta gaba. Dutse ɗaya ko tudun rage gudu ya ishe shi. Idan an riga an rage wa motar tsayi, a guji wannan lamba. 225/50 R15 ta ba da 606, 225/45 R16 ta ba da 609, duka sun dace da tsayin, sai dai faɗinsu yakan sa su gogi madigadi, don haka sai an gwada.

Bayan girma akwai lamba da harafi, misali 88V. 88 na nufin kowace taya tana ɗaukar kilo 560, 86 kilo 530, 91 kilo 615. Harafin kuma iyakar gudu ne: H kilomita 210 a awa, V 240, W 270. Motocin nan biyu suna wuce 210, saboda haka V ne mafi ƙanƙanta. Ko ba ka da niyyar kai wa can, tayar V ta fi jure zafi, wannan kuwa shi ya fi damunmu.

Duba rim kafin ka biya kuɗi

Juya rim ɗin ka karanta abin da aka buga a bayansa, kamar 7Jx15 ET24. Bakwai faɗinsa ne da inci, ET kuma ya nuna yadda ya shige ciki ko ya fito waje. Taya 205 tana zama daidai a kan inci 6 zuwa 7, 225/50 kuwa ta fi son 7 ko 8. Idan aka matsa taya mai faɗi a kan siririn rim, gefenta ya yi ciki kamar tulu, tsakiya kaɗai ke taɓa ƙasa sosai, kuma a kwana za ta riƙa lanƙwasa kafin ta amsa sitiyari. An kashe kuɗin faɗi, an samu riƙon da bai kai na 205 ba. E30 ta yau da kullum ramukan bolti huɗu gare ta, 4x100, M3 tana da 5x120, Mercedes 5x112, don haka rim ɗin wannan ba ya hawa waccan.

Akwai wani tarko da ya kamata a sani. Wasu tsofaffin BMW da Peugeot, har da wasu 505, sun zo da rim ɗin Michelin TRX wanda ake aunawa da milimita, 365 ko 390. A ido yana kama da inci 14 ko 15, amma ba shi ba ne, kuma bakinsa ma daban yake. Fokanaiza mai ƙarfin hali zai iya tura masa tayar inci da guduma da iska, sai dai tayar na iya fashewa a wurin ko ta sulle daga rim ana cikin tafiya. Mai irin wannan rim ko ya nemi TRX ta asali, wadda har yanzu Michelin ke yi a jerin tayoyin tsofaffin motoci, ko ya canza rim gaba ɗaya.

Wane aji na taya?

A gefen yawancin tayoyi akwai kalmomi uku: Treadwear, Traction, Temperature. Tsarin Amurka ne. Lambar Treadwear tana nuna saurin cinyewa. Ƙaramar lamba, roba mai laushi da saurin ƙarewa. Kamfanin da ya yi tayar shi ke sa lambar, don haka 200 na wannan kamfani ba lallai ya yi daidai da 200 na wancan ba, amma ta isa ta nuna maka ajin da tayar take.

Daga 280 zuwa 340 nan ne tayoyin gudu na hanya suke. Suna da zane mai zurfi, milimita 7 zuwa 8, suna riƙo tun daga fitowa gida, suna kuma korar ruwa da kyau. Ga motar da aikinta yawo cikin gari da tafiya tsakanin garuruwa, wannan ajin ne ya fi dacewa, kuma riƙonsa ma ya fi abin da motar ta fito da shi daga kamfani.

Ajin 200 shi ne wanda masu zuwa filin tsere da motar gida suka fi so: Bridgestone Potenza RE-71RS, Falken Azenis RT660, Yokohama Advan A052, Hankook Ventus R-S4. A busasshiyar kwalta abin mamaki ne. Gefensu yana da tauri, sitiyari yana amsawa nan take, birki yana kamawa kamar an danne motar da hannu. Illar wannan ita ce ƙara a kunne, jin kowane ƙaramin rami a ƙugu, da saurin cinyewa. Ƙasa da su akwai irin Toyo Proxes R888R mai lamba 100, wadda doka ta yarda a hau titi da ita amma asalinta ta fili ce: zanenta kaɗan ne, tana son ta ɗau zafi kafin ta yi aikinta sosai, kuma duk dumama da hucewa yana ƙara mata tauri har ta rasa riƙo tun zane bai ƙare ba.

A nan ya kamata mai mota a Kano ko Kaduna ko Maraɗi ya tsaya ya yi wa kansa gaskiya. Ruwan Agusta yakan kwanta a kan titi cikin minti kaɗan, taya mai ƙarancin zane kuma ba ta da inda za ta tura shi. Sai ta hau kan ruwan, sitiyari ya yi sakayau a hannu, birki ya zama ba shi da amfani. Motar nan ƙafafun baya ke turata, ba ta da kwamfutar da za ta gyara zamewa, da yawa ma ba su da ABS, na'urar da ke hana taya ƙullewa idan an taka birki. Haka kuma yashin da iska ke zubawa a gefen kwalta ba ya san taya mai tsada; a kansa kowace roba santsi take yi. Idan motar ba ta shiga fili sau da yawa a shekara, a bar ajin 100, a yi tunani biyu kan ajin 200. Wanda ke da hali ya ajiye rim kashi biyu, ɗaya na fili ɗaya na hanya.

Sauran kalmomin biyu: ka nemi Traction AA ko A, wanda gwajin birki ne a jiƙaƙƙiyar hanya a miƙe, ba ya cewa komai game da kwana. Temperature kuwa kada ka karɓi ƙasa da A, ganin yadda zafi ke haura digiri 40 a bazara, kwalta kuma ta fi iska zafi sosai. Idan tayar tana ɗauke da takardar Tarayyar Turai, duba harafin riƙo a ruwa, A ko B.

Shaidar hawa titi da ranar ƙira

Taya ta halal a titi tana da tambarin DOT ko harafin E cikin da'ira tare da lamba. Duk wadda aka rubuta wa Not for highway use ko Competition use only ta fili ce kawai. A ƙarshen layin DOT akwai lambobi huɗu: 2324 na nufin mako na 23 na shekarar 2024. Lambobi uku kacal na nufin an yi ta kafin 2000, wannan ta ajiya ce ba ta hawa ba. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya, FRSC, suna duba wannan lamba a hanya. Roba mai laushi ta fi saurin tsufa, don haka ka nemi wadda ba ta wuce shekara ɗaya ko biyu ba, kuma dukkan huɗun su kasance iri ɗaya, kamfani ɗaya, shekara kusa da juna. Shafa yatsa a kan lambar. Idan wurin ya yi kama da an kankare ko an liƙa, bar ta.

Tayar Beljiyam ba ta da gurbi a wannan aiki. Mai saye yakan danna farce, ya ji roba ta lotsa, ya ce ga riƙo. Sau da yawa tayar sanyi ce, mai alamar dutse da ƙanƙara da ƙananan tsage-tsage a zane, wadda aka yi don yanayin da bai kai digiri 7 ba. A zafinmu narkewa take yi a kwana, birki ya yi nisa, ta ƙare cikin watanni.

Motar za ta iya ɗauka?

Taya mai riƙo ba ta zamewa, don haka ƙarfin da a da yake tafiya a zamewa yanzu ƙarfe da roba na ƙafa ne za su sha shi. A ɗaga motar a duba bushin na hannun gaba, boljoyin, tayirod, bushin na gadar baya, mazaunin shok na baya, da boris na kowace ƙafa. A E30 waɗannan su suka fi mutuwa. Mataccen bushin tare da sabuwar taya mai tauri yana sa motar ta riƙa bin kowane layi da ke kwalta, baya kuma ya riƙa karkata da kansa. A canza man birki zuwa sabon DOT 4 idan ya kai shekara biyu.

Abu biyu kuma direba ya riƙe. Tsarin ƙafar bayan E30 yana sa baya ya juyo idan aka sauke ƙafa daga totur a tsakiyar kwana. Siririyar taya tana kuka ta gargaɗe ka tun da wuri; mai riƙo tana riƙewa har gudu ya yi yawa, sannan ta saki lokaci guda. Na biyu, a doguwar kwana mai ƙarfi man inji yakan taru gefe ɗaya na kasko, famfo ya ja iska. Man ya kasance a layin sama na sanda, wanda zai shiga fili kuma ya sa a yi wa kaskon shinge a ciki.

Ɗaurawa da iska

A sa sabon bawul. Idan akwai kibiya da Rotation, ta kalli gaba. Idan akwai Outside, ya kasance a waje. Ɗigon rawaya da ke gefen taya shi ne wuri mafi rashin nauyi, a daidaita shi da bawul. A yi balansin, sannan alaimen na ƙafa huɗu. Bolti a ɗaure shi da ƙarfen auna ɗauri, Nm 100 zuwa 110 a waɗannan motoci, a gicciye, a sake dubawa bayan kilomita 50. Tsalle a kan sifana yana miƙar da bolti har wata rana ya karye.

Iska a auna ta da safe kafin mota ta motsa, da gejinka na kanka, a fara da abin da takardar ƙofa ta ce. Bayan tafiya za ta ƙaru da psi 3 zuwa 5, wannan daidai ne, kada a sace ta. Kilomita 300 na farko a tafi a hankali, domin sabuwar taya tana da santsi a fuska.

Daga nan sai tayar ta gaya maka sauran. Ja layin alli daga kan zane ya gangaro gefe, a wuri uku a kowace taya, ka yi tafiyar da ka saba. Idan allin ya goge har ya sauka kan gefen, tayar tana kwanciya, ƙara psi 2. Idan kafaɗar ba ta taɓu ba sam, tsakiya kaɗai ya goge, rage 2. Cinyewa ta ciki kaɗai a baya, musamman a motar da aka rage wa tsayi, alamar ƙafa ta kwanta da yawa ce, a koma wurin alaimen. Zane idan ya sauka zuwa milimita 3 a cire ta kafin damina, ko da bai kai ƙananan gadojin 1.6 da ke cikin kwarin zanen ba. Kashin da aka ajiye kuma a sa shi a inuwa, cikin baƙar leda, nesa da janareta da injin walda da duk inda fetur ko baƙin mai ke zuba.