Cin abinci a gidan Sinawa ko Japanawa: abin da za ka tambaya kafin a ɗora tukunya

Ɗan Bauchi ko Gombe da aiki ya kai shi Abuja, aka gayyace shi cin dare a irin manyan gidajen abincin Asiya na Wuse II ko Maitama, ba tsinken cin abinci ne zai ba shi wahala ba. Cokali yana nan, ka nema a kawo maka, babu mai kallonka. Wahalar tana cikin takardar abincin.

Naman alade ba kullum ake rubuta shi da sunansa ba. Char siu gasasshen alade ne. Siu mai da wonton, ƙullin fulawar nan da ake turarawa ko a jefa a romo, galibi da niƙaƙƙen alade ake cika su, ko da an haɗa da jatan lande. Romon taliyar da ake kira tonkotsu kuwa daga ƙashin alade ake dafa shi, don haka cire yankan naman da ke sama bai gyara komai ba. Sai giya: Sinawa na zuba giyar shinkafa ta Shaoxing a suyarsu, Japanawa kuma na sa nasu giyar shinkafar, masu suna "mirin" da "sake", a miyar teriyaki. Saboda haka "akwai alade a ciki?" ba ta wadatar ba. Tambayi abu uku: da me aka yi romon, an sa giya a miyar, sannan kasko da man suya ɗaya ne da na alade? In mai kawo abinci ya tsaya inda-inda, ka ce ya shiga ya tambayo mai girki. Gidajen Indiyawa sun fi sauƙi ta wannan fuska. Biryani, kazar tandoori da burodin naan ba kasafai suke da abin tambaya ba sai yankan naman.

A gidan Sinawa, odar kanta ta tebur ce, ba ta mutum ɗaya-ɗaya ba, kamar dai yadda ake zagaye tire a gida. Ku huɗu, miya uku ta isa: ta kaza ko naman sa, ta kifi, ta ganye, sai shinkafa manyan faranti biyu. Kuskuren da aka fi yi shi ne kowa ya kira miya da soyayyar shinkafarsa, a tashi rabin abinci bai taɓu ba. Farar shinkafa ta fi dacewa, domin miyarsu ta riga ta ji gishirin ruwan waken suya. Ɗanɗana kafin ka ƙara.

Wanda ya tashi da yajin masa kada ya raina nasu. Barkonon Sichuan ɗan'uwan fasaƙwari ne, harshe yake kashewa ya bar leɓe yana zuga. Koren ƙullin da ke gefen sushi (dunƙulen shinkafa da kifi na Japanawa), wato wasabi, hanci yake hawa. Kamar ƙwayar gero biyu ya isa. Shi sushin ma sau da yawa ɗanyen kifi ne, in cikinka bai saba ba ka ce a ba ka na dafaffe. Mai rashin jituwa da gyaɗa ko jatan lande ya faɗa tun farko, musamman a abincin Tailan. In kuma ka ɗauki tsinken, kada ka soke shi tsaye a shinkafa, a wurin Sinawa da Japanawa alamar makoki ce.

Farashin da ke takarda ba lallai shi za ka biya ba. Harajin VAT kashi 7.5 ne tun Fabrairun 2020, gidaje da dama kuma na ɗora kuɗin hidima. In nasu kashi 10 ne, abincin naira 40,000 ya koma 47,000, ban da ruwan gora. Ƙananan rubutun ƙasan takardar nan ne ke faɗin ko an riga an haɗa su.