Markus fa ba ya cikin manzannin Yesu sha biyun nan

Na gaji da jin magana ɗaya a bakin sabbin malaman Sande Sukul, mutum ya tsaya gaban yara ya ce Markus, marubucin Bisharar Markus, manzo ne, wai abin da ya gani da idonsa ya rubuta. Haba ɗan'uwa! Buɗe Markus 3:16-19 ka ƙirga sunayen da kanka, babu shi a ciki.

Ni ma na taɓa faɗin haka shekarar da aka fara ba ni ajin matasa, wani yaro ya ɗauki maganata ya kai makaranta yana musu da abokansa, suka ce nuna mana a littafin, ya duba ya duba bai samu ba, suka yi ta masa dariya, yaron nan sai da ya yi wata uku bai leƙo aji ba, da na je gidansu ko ido bai yarda mun haɗa ba. Har yau abin yana min ciwo. Don Allah ku daina koyar da abin da ba ku duba ba.

Abin da magabata suka ce daban ne. Fafiyas, bishop na Hirafolis a farkon ƙarni na 2, ya ce Markus tafintan Bitrus ne, Markus ɗin kansa bai ji Ubangiji ba bai kuma bi shi ba, abin da ya tuna daga koyarwar Bitrus ya rubuta daidai amma ba bi da bi ba. Littafin Fafiyas ɗin ma ya ɓata, Yusibiyus, marubucin tarihin ikilisiya, shi ne ya kwafo mana maganar a ƙarni na 4. Iraniyus, wani bishop, shi ma wajen shekara ta 180 haka ya ce, ga kuma 1 Bitrus 5:13 inda Bitrus ya kira Markus ɗansa.

Na biyu, masu cewa ai littafin Markus da kansa ya faɗi sunan marubucin. A wace aya? Kan maganar da ke sama ne kawai ke ɗauke da sunan, cikin surori 16 ɗin ba inda marubucin ya ce ni ne Markus. Ni dai yanzu in zan faɗa sai in fara da "ikilisiyar farko ta ce", sunayen Fafiyas da Iraniyus ma na rubuta su a bangon Littafi Mai Tsarkina da biro.

Saurayin da ya gudu tsirara a Markus 14:51-52, cewa Markus ne hasashe ne, ku faɗe shi a hasashe.

Yohanna Markus na Ayyukan Manzanni 12:12, ɗan Maryamu ɗan'uwan Barnaba, ba shi ne Yohanna ɗan Zabadi ba, ku daina haɗa su.

Zancen Markus ya kafa ikilisiya a Iskandariya kuwa, Kibɗawan Masar sun riƙe shi sosai kuma Yusibiyus ya ambata, amma kar ka tura yaro neman ayarsa, babu ita a Sabon Alkawari.