In Baƙi Sun Ce a Zaga da Su Kano, Ga Ƙananan Yara

Assalamu alaikum iyaye mata. Don Allah kar ku ce sai an gama ganin gari a yini ɗaya. Na taɓa gwadawa da ƙanwar maigida ta zo daga Maraɗi, kafin azahar ɗan autana ya yi kuka har muryarsa ta dishe.

Yanzu wuri biyu kawai nake zaɓa. Dutsen Dala da sassafe, kafin rana ta buɗe. Matakalar tana da tsayi, mai goyo ta ɗaure zani da majanyi sosai, ɗan shekara uku kuwa a riƙe hannunsa har sama. Daga nan sai Gidan Makama, gidan adana kayan tarihi da ke kusa da fadar sarki, akwai inuwa a zaurukan. Marinar Ƙofar Mata ma tana burge baƙi, amma ramukan a buɗe suke, kar a saki yaro ko na minti ɗaya.

Kasuwar Kurmi lunguna ne matsattsu, manya kaɗai su je.

Miyar rana ku dafa ta tun dare. A jaka a sa ruwa, dabino, kunu a fulas da kayan canji. Ku dawo kafin lokacin barcin yara, baƙin ma za su so su miƙe ƙafa.