Kafin ka sayi tsohon babur mai ƙafa huɗu mai shan gauraye

Ni da injin da ake zuba wa fetur haɗe da baƙin mai, wato inji mai bugu biyu, mun saba tun ina yaro, don Vespa Baba yake hawa a Zariya, kuma ni ne mai riƙe masa kwalbar mai idan ya tsaya shan fetur. Da zama ya kawo ni Oklahoma a Amurka, ranar da na fara zuwa tudun rairayin Little Sahara kusa da garin Waynoka, hancina ne ya riga idona gane gida. Hayaƙin nan mai shuɗi-shuɗi da ƙarar nan kamar an tsokano gidan zuma, duk daga baburan nan masu ƙafa huɗu suke fitowa. Wata uku ba su cika ba na sayi nawa, kuma sayen ganin ido na yi, na sha kuɗarsa.

Abu na farko da za ka sa a ranka shi ne duk wanda ka gani tsoho ne. Yamaha Banshee, wanda ya fi kowanne suna, kuma irinsa ne nawa, daga 1987 zuwa 2006 aka sayar da shi a Amurka, har dokokin hayaƙi suka tsananta aka koma ga inji mai bugu huɗu. Silinda biyu gare shi, cc 347, ruwa ke sanyaya shi, giya shida, ba giyar baya, ba makunnin lantarki, sai kik. Ƙanensa Blaster mai cc 195 ya fito a 1988, iska ke sanyaya shi, ya fi sauƙin kuɗi da sauƙin gyara. Honda TRX250R kuwa shekara huɗu kacal ya yi, 1986 zuwa 1989, shi ya sa masu shi suke ja masa aji. Akwai Suzuki LT250R da babban wansa LT500R da ake wa kirari da Quadzilla, amma kayan gyaransu sai an tona. Masu ƙafa uku, waɗanda aka daina sayar da sababbinsu a 1988 saboda yawan kifewa da mutane, ban ba sabon shiga shawarar ko kallonsu ba. In ka tambaye ni, fara da Blaster. Kayansa kamar jamfa a Jos, silinda ɗaya, kafireta ɗaya, in ya lalace ba zai cinye maka albashi ba.

Idan ka ga talla a Facebook ko Craigslist kun yi magana da mai shi, ka roƙe shi abu guda: kada ya tayar da injin kafin ka iso. Da ka isa, kafin a gama gaisawa, ɗora tafin hannunka a kan silinda. In ka ji ɗumi, an riga an lallashe shi. Nawa da ɗumi na same shi, mai shi ya ce wai ya ɗan zagaya da shi ne don ya fito da shi daga gareji. Lafiyayyen inji a sanyaye, an ja cok, kik biyu zuwa huɗu ya ishe shi. Wanda sai an yi ta duka ana gumi, akwai maganar da ba a faɗa maka ba.

Ka je da ma'aunin matsin silinda, ba shi da tsada. Cire fulogi, ɗaura ma'aunin, buɗe totur gaba ɗaya, ka yi ta kik har allurar ta daina hawa. Banshee da ba a taɓa masa kai ba yakan nuna wajen 120 a ma'aunin psi. In ya faɗo kusa da 100, fistan da rin sun gaji. Amma abin da na fi dubawa shi ne silindan biyu su zo kusan kai ɗaya. Ɗaya 125 ɗaya 100, wannan inji ne mai ɗingishi. Tunda fulogin yana hannunka, kalli bakinsa. Launin ƙuli-ƙuli ake so. Baƙi mai danshi, mai ya yi yawa, wannan da sauƙi. Fari fat kuwa shi ne abin tsoro, don injin yana shan iska fiye da fetur.

A nan ne ajalin irin waɗannan injuna yake, kuma a nan nawa ya mutu. Inji mai bugu biyu ba shi da tafkin mai a ƙasansa kamar na mota. Man da ke cikin fetur shi ne ke shafe fistan da boris. Idan robar da ke toshe bakin karanshaf ta bushe, ko robar da ke tsakanin kafireta da silinda ta tsage, iska za ta saci hanya ta shiga. Gaurayen ya tsinke, zafi ya hau, fistan ya kumbura ya kama bango. Alamarsa, ka murɗa totur ka saki, ƙarar ta ƙi saukowa da wuri, ta rataye a sama. Na ji nawa yana haka, na ɗauka zafin nama ne. Fita ta uku, ina tsakiyar hawan wani dogon tudu a giya ta huɗu, sai ƙarar ta yanke ɗif, tayoyin baya suka tsaya cak suna jan rairayi. Da muka buɗe, gefen fistan na hagu kamar an kankare ƙasan tukunya da cokali. Robar da ta jawo wannan ba ta kai kuɗin abincin rana ba.

Gwajinta ba wuya. A toshe mashigar iska da mafitar hayaƙi, a hura iska da famfon hannu zuwa 6 a ma'aunin psi, a jira mintuna biyar ko shida. In allurar tana sauka, sai a bi mahaɗai da ruwan sabulu a ga inda kumfa ke tashi. Ba kowane mai sayarwa zai yarda ka kwance masa salansa a ƙofar gida ba, to in ya ƙi, ka rage kuɗin, kuma shi ne aikin farko in ka kai gida, kafin ka hau. In robar ɓangaren kuloci ce ta mutu, man giya injin zai riƙa zuƙa, ka ga farin hayaƙi mai kauri da ba ya raguwa ko ya yi zafi. Duba man giyar ma: in ya koma kamar shayi da madara, ruwan lagireto yana shiga.

Kada sababbin robobin jiki su ruɗe ka. Kwanta a ƙasa da tocila ka bi shasi, musamman wajen mataki da inda ƙarfen tayoyin baya ya kama jiki, ka nemi walda ko sabon fenti a wuri guda. Ɗaga bayan, ka jujjuya taya ka ga ko sandar baya tana rawa. Kama tayar gaba ka girgiza. Lambar shasi harufa da lambobi 17 ne, na goma shi ke nuna shekara; in an goge ta ko an yi mata walda, yi sallama ka kama hanya, don ana yawan satar su. Takardu sun bambanta daga jiha zuwa jiha, amma aƙalla ka karɓi rubutacciyar shaidar ciniki mai ɗauke da lambar.

Wanda aka fi yi wa ado shi na fi guje wa. Mutum zai jera maka cewa ya sa manyan salansa, ya buɗe akwatin iska, ya faɗaɗa silinda. Tambaye shi lambar jet ɗin da ke cikin kafireta, wato 'yar ƙofar da fetur ke bi. In ya tsaya sosa ƙeya, to ya ƙara wa injin iska bai ƙara masa fetur ba, wato hanyar da nawa ya bi. Ga Blaster akwai tambaya ta musamman: daga kamfani yana da famfon da ke zuba mai da kansa, amma da yawa sun cire shi sun koma haɗawa a jarka. In ka ɗauka famfon yana nan alhali an toshe shi, ka zuba zallan fetur, ko tanki guda ba za ka ƙarar ba.

Haɗin da nake yi 32 da 1 ne, wato fetur lita 4, man bugu biyu mililita 125, a jarka ta daban da na rubuta wa suna don kada yara su zuba a injin yankan ciyawa. Ba baƙin man mota ba, kamar yadda muke yi wa ƙaramin janareto a gida. Zaɓi haɗi guda ka tsaya a kai, don a kansa ake saita kafireta. Fetur ɗin nan yawancinsa akwai kashi 10 cikin ɗari na itanol, in ya daɗe yana toshe jet, don haka in zan ajiye babur ɗin sai na rufe famfon tanki na tsiyaye kafiretocin. Rairayi kuma shi ne maƙiyin rin, duk fita sai na wanke soson iska na shafe shi da mai. Da safe nakan bar shi ya yi ɗumi har sai na ji zafi a jikin lagireto kafin in buɗe masa wuta, sannan in ɗaura tutar da hukumar wurin ta wajabta, in sa hular kwano, in bi layin masu shiga.