Yadda Ake Kwashe Hotuna Daga Wayar Android Zuwa Laftof

In wayarka ta cika har tana kukan ba wuri, kar ka hau goge hotuna, kwashe su kawai zuwa laftof.

1. Nemi kebul mai kyau. Nan ne mutane suka fi shan wahala, don akwai kebul ɗin da caji kaɗai yake yi, ba ya ɗaukar data, sai ka jona ka ga waya na caji amma kwamfuta ko a jikinta, ka ɗauka laftof ɗin ce ta lalace alhali kebul ne. Wanda ya zo da wayar ya fi.

2. Jona, sannan ka buɗe makullin wayar. In tana kulle ba abin da za ka gani.

3. Jawo sanarwa daga saman fuskar wayar, taɓa ta USB ɗin, zaɓi File transfer.

4. A Windows shiga This PC, za ka ga sunan wayarka. Buɗe ta, hotunan kyamara suna cikin folda mai suna DCIM. Na WhatsApp kuwa, daga Android 11 zuwa sama sun koma cikin folda mai suna Android, sai media, sai com.whatsapp.

5. Yi Copy na hotunan, sannan ka yi Paste a laftof, don Allah ban da Cut. Kebul na iya motsi ana tsaka da aiki, ni dai ba na wasa da hotunan iyali.

6. Buɗe wasu a laftof ka tabbatar suna buɗewa, musamman bidiyo masu nauyi, tukunna ka goge na wayar.