Darasi na Tara: Haɗa Na'urar DVR da Intanet na Gida

Duk gida ko shagon da aka sa kyamarorin tsaro, akwai wani ɗan akwati da wayoyin kyamarorin suke shiga cikinsa. Shi ake kira DVR. Shi yake adana duk abin da kyamarorin suka ɗauka. Ko babu intanet yana aikinsa, sai dai ba za ka ga komai ba sai ka zo gaban talabijin ɗin da aka jona masa. Idan aka haɗa shi da intanet kuwa, kana kasuwa ko kana kan hanya za ka ga ƙofar gidanka a wayarka.

Abu biyu za ka tanada: rauta (na'urar da take raba intanet a gida) mai ramin sa kebul a bayanta, da kebul na intanet, wanda masu sayarwa suke kira Cat5e ko Cat6. Kada tsawonsa ya wuce mita 100. Yawancin ƙananan MiFi na aljihu ba su da wannan ramin, to ka duba kafin ka saya.

Ka juya bayan DVR, za ka ga rami an rubuta LAN a kansa. Tura kan kebul ɗin ciki har ka ji ya yi ƙas. Ɗaya kan kuma ka sa shi a ramin LAN na rauta. A nan mutane da yawa suke kuskure, su sa shi a ramin WAN, wanda galibi launinsa daban ne. In ya shiga daidai, ɗan fitila zai riƙa ƙyaftawa kusa da ramin.

Yanzu ɗauki linzamin DVR (mouse), ka shiga wurin da aka rubuta Network. Ka kunna DHCP, ka adana. Aikinsa shi ne rauta ta ba DVR lamba da kanta, kamar yadda ake ba gida lamba a layi. Za ka ga wani abu irin 192.168.1.20 ko 192.168.0.20. Idan lambar ta fito, an haɗu.

Saura waya. In na'urarka Hikvision ce, manhajarta Hik-Connect. In Dahua ce, DMSS. Sauke ta, ka yi rajista, sannan ka kunna Platform Access ko P2P a cikin DVR, ka ɗauki hoton alamar QR ta DVR ɗin da manhajar da ke wayarka. Wasu masu gyara za su ce sai an buɗe ƙofa (port) a cikin saitin rauta. Wannan tsohuwar hanya ce, kuma galibi ba ta aiki da rauta mai layin waya. QR ta ishe ka.

Ga wurin da ya fi komai muhimmanci: kalmar sirri. Tsofaffin na'urori sukan zo da admin da 12345, kuma da yawa ba sa canzawa. A shekarar 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta shiga dubban DVR da kyamarori ta irin waɗannan kalmomin, aka yi amfani da su wajen kai harin da ya tsayar da shafuka irin su Twitter da Netflix na wasu sa'o'i a Amurka. Ka sa kalma mai haruffa takwas ko fiye, haɗe da lambobi, ban da sunan ɗanka ko lambar wayarka. In wani ne ya haɗa maka, ka canza ta bayan ya tafi, rajistar ma ta kasance da lambarka ba tasa ba. Kyamarar da take kallon tsakar gida tana kallon iyalinka ne.

Kallo ta waya yana cin data, saboda haka ka zaɓi hoto mai ƙaramin inganci, ka rufe manhajar in ka gama. In an ɗauke wuta, DVR da rauta duka za su mutu; ka jona su biyun da inbata ko UPS. Ka kuma saita agogon na'urar a kan GMT+1, lokacin Najeriya da Nijar, don kada hoton dare ya fito da lokacin da ba shi ba.

Aiki

1. A wane rami na rauta ake sa kebul ɗin DVR?
2. Rubuta lambar da DVR ɗinka ya samu.
3. Kashe Wi-Fi na wayarka, ka buɗe manhajar da data. Kana ganin kyamarorin?