Agogon ƙirga taku: kurakuran da muke tafkawa da yadda za a gyara su

Salamu alaikum jama'a. Na jima ina son rubuta wannan abin, dalili kuwa duk wanda ya ga agogon nan a hannuna sai ya tambaye ni wai da gaske yana rage tumbi, nawa ne, a ina ake samu. Shekaranjiya ma a fada wajen shan shayi wani abokina ya ciro nashi ya jefa kan tabarma ya ce shi dai an cuce shi, wata huɗu yana ɗaure da abin nan dare da rana amma wando sai ƙara matse shi yake. Na ce mai kwantar da hankalinka aboki, ni da kake gani kilo 2 na ƙara a farkon saye, kuma ba laifin agogon ba ne, mu ne muka ɗora mai aikin da ba nashi ba.

Kuskuren da ya haifi sauran shi ne mutum ya ɗauki agogon kamar laya ko maganin rama, wai da ka ɗaura shi ke nan kitse zai fara narkewa. Agogo ƙirge kawai yake yi, kamar ma'auni a hannun mai awon hatsi, ba ya ƙara ba ya ragewa. A 2016 an fitar da wani bincike na jami'ar Pittsburgh a Amurka, mutum wajen 470 masu ƙiba aka bi har shekara 2, dukansu an ɗora su kan tsarin rage ci da motsa jiki, amma rabi aka ba su na'urar ɗaurawa a jiki. A ƙarshe masu na'urar sun rage kilo 3.5, waɗanda ba su da ita suka rage kilo 5.9. Ka ji fa. To amma kar a ce na ce ba shi da amfani sam, don a 2022 masu bincike a Ostiraliya sun tattara bincike masu yawa wuri guda suka ga masu ɗaura shi suna ƙara taku wajen 1,800 a rana, nauyi kuma ya ragu da kamar kilo 1. Iyakar ƙarfinshi ke nan, yana tashinka daga zaune, amma kilo 10 ɗin da kake mafarki ba a wuyan hannunka suke ba, suna cikin kwano.

Sai maganar kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki da wanda jiki ke ƙonawa, kuma nan ne ni na faɗa rami. Ka yi tafiya ka dawo, agogo ya rubuta maka ka ƙona kalori 600, sai ka ji kanka ya yi girma, ka ce to yau na biya bashi bari in saka wa kaina, ka tsaya wajen mai balangu, ka kora da lemo mai sanyi, dare ya yi kuma ga tuwo ba za ka ce wa uwargida a'a ba. Matsala ta farko lambar nan ƙiyasi ce kawai. A 2017 masu bincike a jami'ar Stanford sun gwada agogo iri bakwai, ciki har da Apple Watch da Fitbit, suka ga wajen bugun zuciya shida daga ciki sun yi ƙoƙari, kuskurensu bai kai kashi 5 cikin 100 ba, amma wajen kalori wanda ya fi kowa iyawa ma ya kauce da kashi 27 cikin 100, na ƙarshe kuwa kashi 93. Waɗannan fa manyan agogo ne masu tsada, ina ga namu na jikka biyar. Kuma wani abin da mutane ba su lura, wasu agogon suna haɗa kalorin da jiki ke ƙonawa ko kana barci, na numfashi da bugun zuciya da sauransu, su nuna maka gaba ɗaya, sai ka zata duk tafiyarka ce ta yi wannan aikin.

Bari mu yi lissafin ƴan kasuwa. Kilo ɗaya na kitse ya kai kalori wajen 7,700. Tafiyar kilomita ɗaya ga babban mutum ba ta wuce kalori 50 zuwa 70 ba. Kwalbar lemo ƙarama ta santilita 33 tana da sukari wajen giram 35, kalori kusan 140, wato sai ka taka kilomita biyu da ɗoriya kafin ka biya kwalba ɗaya. Babban cokali ɗaya na mai kalori 120 ne, kuma kowa ya san yadda muke malala mai a dambu da shinkafa da wake, ba a ma maganar fanke da ƙosai da suka yi wanka a cikin kasko. Shayin fada kuwa Allah dai ya kyauta, na fari na biyu na uku kowanne da sukarinshi, wani ma a fada biyu yake zama a rana. Gyaran mai sauƙi ne a baki: ka daina kallon lambar kalori gaba ɗaya, in agogonka na bari a cire ta daga fuska ka cire, ka ci abincinka kamar ba ka yi tafiyar ba, sannan ka zaɓi abu ɗaya ko biyu ka rage, lemo ko sukarin shayi ko man da ake ƙarawa a kan abinci. Ban ce ka bar fura ba, ni ma ba zan iya ba, amma furar da aka dama da sukari ludayi guda ai ta zama wani abu daban.

Na gaba shi ne bautar taku 10,000. Agogo yana zuwa da wannan lambar a ciki sai mutum ya ɗauka likitocin duniya ne suka zauna suka yanke. Asalinta talla ce, a 1965 wani kamfanin Japan mai suna Yamasa ya fito da na'urar ƙirga taku ya sa mata suna Manpo-kei, ma'ana ma'aunin taku dubu goma, daga nan lambar ta bi duniya. Ba wai tana da illa ba, wanda ya iya ya yi. Illar tana wajen ma'aikacin buro ko mai zaman shago da bai wuce 3,000 a rana, ya yunƙura ranar farko ya yi dubu goma sha biyu, washegari gwiwa ta ƙi, rana ta uku ya ga 2,000 ya ji haushi, sati biyu agogo ya koma cikin durowa. Wani binciken Harvard na 2019 kan mata tsofaffi ya nuna masu taku wajen 4,400 a rana ma mutuwa ta yi ƙasa a cikinsu in aka kwatanta da masu 2,700, amfanin yana ta ƙaruwa har wajen 7,500 sannan ya daidaita. To ka ga ba sai dubu goma ba. Abin da nake ba mutane shawara, satin farko kar ka canja komai, ɗaura kawai ka yi harkokinka ka ga nawa kake yi, sai ka shiga cikin manhajar agogon da ke wayarka ka sa burinka ya ɗara wannan da taku 1,000 ko 1,500, in ka saba ka ƙara. Hukumar lafiya ta duniya ma ba da taku take magana ba, minti 150 zuwa 300 ta ce a sati na motsa jiki matsakaici, da kwana biyu na aikin ƙarfafa tsoka. Matsakaici kuwa shi ne tafiyar da za ka iya magana amma numfashinka ya ɗan hau, ba tafiyar rangwaɗa ta zuwa ɗaurin aure ba.

Kuma don Allah a yi hankali da rana. Damagaram ce fa, a watan huɗu da na biyar zafi na wuce digiri 40, kar agogo ya yi maka ƙara da ƙarfe biyu na rana wai ka tashi ka motsa kai kuma ka fita kamar wanda aka aika. Bayan asuba ya fi, ko dab da magariba. Ni daga Birni nake tasowa bayan salla in miƙa wajen Zango in zagayo kafin rana ta buɗe ido, shi ke nan rabin aikin ya tafi.

Wani abin dariya kuma, takun ƙarya. Agogon ba ƙafarka yake gani ba, akwai ƴar na'ura a ciki mai jin girgiza da lilon hannu, da ita yake ƙiyasta taku. Hau kabu-kabu a hanya mai ramuka ka duba, za ka ga an ba ka kyautar ɗaruruwan taku kana zaune. Ƙanwata ta ara ranar da suka yi daka da wanki, da yamma ta zo tana murna wai ta yi dubu tara alhali ko ƙofar gida ba ta leƙa ba, ko da yake gaskiya daka aiki ne na gaske, ya ma fi tafiyar wasu. A ɗaya gefen kuma mai tura kurar ruwa ko mai tuƙa keke ko wadda ta riƙe tulu a kai, hannunsu ba ya lilo, sai agogo ya cinye musu haƙƙi. Gyara: ɗaura shi a hannun da ba ka cika aiki da shi ba, ka faɗa wa manhajar hannun da yake, ka sa tsawonka da nauyinka da shekarunka na gaskiya ba na takardar lakwal ba. Sannan ka bar gasa da wanda agogonshi daban ne da naka, kwatanta kanka na wannan satin da kanka na satin da ya wuce.

Yanzu ga wanda ba wasa a ciki. Kasuwa ta cika da agogo masu kama da na manyan kamfanoni, kwali mai kyau, a ce maka yana auna tansiyo wato hawan jini, yana auna sukari, yana auna iskar jini, duk a jikka shida. Na farkon da na saya irinshi ne, wajen wani mai shago da ba zan kira suna ba don wataƙila shi ma bai sani ba. Wata rana na aje shi kan tebur na danna awon zuciya, sai ga shi ya ba tebur bugu 78. Na ɗaura wa gorar ruwa, ita ma tana da tansiyo lafiya lau. Na gaske yana haska koriyar fitila cikin fata ne ya karanta yadda jini ke kai da kawowa, in ba fata ya kamata ya ce bai samu komai ba, saboda haka kafin ka biya kuɗi yi wannan gwajin a gaban mai shagon. Maganar sukari kuwa, a watan biyu na 2024 hukumar FDA ta Amurka mai kula da abinci da magunguna ta fito ta gargaɗi mutane cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke cewa yana auna sukarin jini ba tare da huda fata ba. In kana da hawan jini ko ciwon sukari, ko ka saya wa Baba ko Inna, kar a kuskura a rage magani ko a bar shi don agogo ya ce lafiya. A je gidan likita ko farmasi a auna da abin da ake naɗawa a damtse, sukari kuma a ɗiga jini.

Ƙananan abubuwa da sauri. Kar ka saka shi sako-sako kamar warwaro, kar kuma ka shaƙe hannun, ɗan sama da ƙashin wuyan hannu yake zama. Da zufar nan tamu robar tana kawo ƙaiƙayi da ƙuraje, ka riƙa cire shi wajen alwala ka goge ka bari hannun ya bushe. Mai Tecno ko Itel ko Infinix kar ya kai kuɗinshi wajen Apple Watch, sai da iPhone yake aiki, kuma kusan kullum sai an yi mai caji, da yadda kuran, wato wutar lantarki, ke zuwa yana tafiya wahala za ka saya. Ƙananan nan irin Mi Band ko Huawei Band suna kai sati ɗaya zuwa biyu da caji ɗaya. Lambar barci kuma kar ta dame ka, mu da muke tashi asuba mu koma, mu ɗan yi ƙailula, rikita shi muke.

In rage ƙiba kake nema, sikeli da tef ɗin tela sun fi agogo gaya maka gaskiya. Hau sikeli sau ɗaya a sati, da safe, rana guda, ka auna ƙugu daidai wajen cibiya sau ɗaya a wata, abin da ake so ƙugun kar ya kai rabin tsawonka.

To a saya ko kar a saya? Ni dai cewa nake fara da wayarka, yawancin wayoyin yanzu suna ƙirga taku kyauta in ka sa manhaja ka bar wayar a aljihu. Yi wata ɗaya a haka. In ka ga lambar tana sa ka ka bar moto a gida ka taka zuwa kasuwar Dole ko masallacin Juma'a, to kai irin mutumin da agogo zai yi wa amfani ne, sayi ƙarami na gaske. Mata ma sun fi cin ribarshi tunda waya tana ɗaki su suna tsakar gida. In kuwa bayan kwana biyar ka manta da manhajar, riƙe kuɗinka ka sayi takalmi mai daɗin tafiya.

Abokin nan nawa dai ya ɗauki agogonshi daga kan tabarma ya mayar, mun cire mai lambar kalori, mun sa burin 6,000 tunda 4,500 yake yi. Mun kuma roƙi mai dafa mana shayi ya rage sukari, ya ce shi ba zai ɓata sunanshi a unguwa ba, sai dai mu tsaya a na biyu.